Ai Sai Oktoba

Tara saura na safiyar Talata aka bugo wa Sufeto Paora Herewini waya, aka ce wata ƙaramar bas ta faɗa kwazazzabo a gangaren Puketawa. Mutum biyu ne a ciki. Direbar, Tuihana, an zaro ta da karaya a ƙugu da rauni a ka. Mahaifiyarta Ripeka, wadda take kaiwa asibiti wankin ƙoda, ko shurawa ba ta yi ba.

Sufeton ya isa wurin kafin motar janwe. Ya bi kwaltar da ƙafa daga sama har kwanar ƙarshe, ya dawo, ya sake bi. Babu zanen taya ko guda. Kofur ɗin da ya riga shi zuwa har ya gama yanke hukunci: ko barci ya sace ta, ko waya take dannawa. In haka ne, tuhumar da ke jiran Tuihana ita ce tuƙin ganganci da ya jawo mutuwa. Mutuwar uwarta kuwa.

Gilashin gaba ya tsattsage amma sitikar gwajin lafiyar mota tana nan manne a kusurwa. Watan Afrilu ta nuna, ga shi ana farkon Satumba.

Wannan bai ɗaga wa kowa hankali ba. Tun da aka shiga kullen korona gwamnati ta ƙara wa'adin gwajin shekara-shekara zuwa Oktoba, mu kuma nan ƙuryar arewacin New Zealand muka karɓi ƙarin nan hannu bibbiyu. Kowace ƙara mota ta yi, sai a ƙara sautin rediyo a ce ai sai Oktoba. Ba zan yi muku ƙarya ba, tawa sitikar ma ta mutu a lokacin. Ta motar gidan Sufeto Herewini kuwa tun Mayu.

Sai ranar Asabar likitoci suka bar shi ya ga Tuihana. A ranar aka binne Ripeka, bayan kwana uku ana zaman makoki a zauren dangi, 'yarta na kwance a gadon asibiti ba ta ga ko akwatin gawar ba. 'Yan'uwanta maza biyu ba wanda ya leƙo ta. Mijinta Darcy ne kawai a gefenta, da baƙin kwat ɗin da ya ɗauki gawar surukarsa da shi, har da laka a takalmi. Mutumin kirki ne Darcy, kowa ya shaida. Aikin shinge yake yi wa manoma, kuma shi ya haƙa rabin kabarin nan da hannunsa.

Sufeton, wanda matasan yankin nan duk Kawu suke ce masa, ya ja kujera ya tambaye ta abin da ta tuna. Ta ce ta tuna Inna tana rera waƙar coci, da robar soyayyen burodi a cinyarta wanda za ta kai wa nas-nas. Daga nan sai duhu.

"Kin taka birki?"

"Ban sani ba, Kawu. Wani lokaci sai in ji kamar na taka ƙafata ta nutse. Amma Darcy ya ce a gajiye nake ranar." Ta juya fuska bango. "Ka rubuta kawai. Ni na kashe ta."

Ya ce shi ba ya rubuta abin da bai gani ba. Ya juya ga mijin, ya tambaye shi yaushe rabon da bakanike ya ga motar.

"Tun bara, Yallaɓai. Lokacinta bai yi ba ai, gwamnati da kanta ta ce sai Oktoba. Lafiyarta ƙalau."

"Ba ka ce Len bakanike ya duba ba?" in ji Tuihana, ba ta ko juyo ba. "Kafin kulle. Ka ce ya ce babu komai."

Darcy ya gyara mata bargo, ya dubi Sufeton ya girgiza kai. Ya ce allurar da suke mata ce, jiya ma ta kira shi da sunan babanta. Sufeton ya ce haka ne, allura takan yi haka. Ya mayar da biro aljihu ya fita.

Litinin da safe ya nufi filin da masu janwe ke ajiye motocin da suka yi haɗari. Noeline ce mai wurin, mace mai bakin da ba ya hutawa. Tana buɗe masa ƙofa tana mitar cewa 'yan sanda sai su zube mata kaya su manta da ita. Ya sa aka ɗaga bas ɗin, ya shimfiɗa kwali ya kwanta da tocila, gwiwoyinsa suna ƙara.

Tiyon birki na gaba, gefen hagu, ya fashe. Ba haɗarin ne ya yanke shi ba, robar ce ta tsufa ta kumbura ta tsage a tsaye. Man birki ya feshe bayan tayar duka. Amma abin da ya tsayar da tocilar Sufeton wani ɗan zobe ne tsaf a jikin tiyon, siriri, inda ƙura da maiƙo ba su taɓa ba, kamar gurbin zobe a yatsan wanda ya daɗe bai cire ba. Ya sa farce ya zaro zare biyu na leda, masu launin ruwan lemo, da suka maƙale a jikin ƙarfen.

Ya fito ya tambayi Noeline wa ya taɓa motar nan.

"Babu kowa. Ni zan bari?"

"Ko mutum ɗaya?"

"To, mijin. Laraba ya zo ɗaukar jakar tsohuwa, wai tabaraunta na ciki za a binne ta da shi. Zan hana shi ne?"

"Ya daɗe?"

Ta ce ya fi minti ashirin. Ta ce da ya fito ta kakkaɓe masa bayan riga da hannunta, don duk tsakuwa ce, ta ɗauka faɗuwa ya yi saboda kuka.

Sufeton bai buƙaci wani ɗakin bincike ya gaya masa daga ina zaren ya fito ba. Duk wanda ya taɓa kai mota gwaji a yankin nan ya san igiyar Len Vusich. Shekara talatin tsohon nan yana gwada mana motoci, kuma bai yarda mutum zai gane bayani da baki ba. In ya sami abin da ya lalace sai ya yanko igiyar ɗaure harawa ya ƙulla a wurin, ya ce ka je gida ka kwanta a ƙarƙashi ka gani da idonka. Mun zage shi a kan igiyar nan ba adadi.

Ya tarar da Len a cikin rami, ƙarƙashin motar wani manomi.

"Ɗan sandan ƙauye," in ji Len daga ƙasa. "Ka kawo akwalar taka ne, ko kai ma sai Oktoba?"

"Fito, tsoho. Bas ɗin Darcy na zo tambaya."

Dariyar ta mutu. Len ya hauro yana goge hannu da tsumma, ya ce rabonsa da bas ɗin tun Afrilun bara. Ya juya masa kwamfuta ya ce ya duba da kansa. Gaskiya ne, babu komai a ciki.

Sufeton bai yi musu ba. Ya buɗe ambulan ya zazzage zaren biyu a kan tebur, kusa da ƙaton ƙullin igiyar da ke rataye a ƙusa. Ya ce akwai mace a asibiti da ke roƙon a ɗaure ta don ta yarda ita ta kashe uwarta, kuma in ya fita daga garejin nan hannu wofi, gobe zai miƙa fayil ɗinta.

Len ya zauna a kan tsohuwar taya. Sai ga tsoho ɗan shekara sittin yana share hanci da tsumman mai.

Ya ce mako guda kafin kulle Darcy ya kawo bas ɗin. Yana shiga rami ya ga tiyon. Doka ta ce ya shigar a kwamfuta cewa mota ta faɗi gwaji, amma ya san da ita ake kai Ripeka asibiti sau uku a mako, sai ya ga kamar taimako ne ya yi shiru. Ya ƙulla igiyarsa, ya ja Darcy cikin ramin ya ɗora masa yatsa a kan kumburin. Ya yi odar sabon tiyo, da kulle ya zo ya sa aka aika kai tsaye gidan Darcy, don Darcy ya rantse shi zai sa da kansa.

"Na tambaye shi a Yuni, a bakin kanti. Ya ce ya sa."

"Ka leƙa?"

"Ban leƙa ba."

"Aikin minti nawa ne?"

"Arba'in. Har da fitar da iska daga birkin." Len ya ɗago. "Lasisina ya tafi ke nan ko, Paora?"

Sufeton ya ce ba shi ke bayarwa ba, ba shi ke karɓewa ba, amma zai rubuta abin da ya ji. Tare suka yi firamare.

An sallami Tuihana ranar Alhamis. Juma'a da hantsi Sufeto Herewini ya shiga gidansu da kofur da takardar izinin bincike. Tana zaune a baranda cikin keken marasa lafiya, bargo a ƙafa, Darcy yana yanka mata burodi ƙanana-ƙanana. Da ta ga motar 'yan sanda sai ta ce wa mijin ya ɗauko mata jakar da ta haɗa. Wai tun jiya ta shirya a tafi da ita. Wannan jakar ta fi komai ba ni haushi a labarin nan.

Sufeton ya ce ba wurinta ya zo ba. Ya ce Darcy ya buɗe masa rumfar kaya.

Bai sha wahalar nema ba. A bango, tsakanin zarto da ƙullin wayar shinge, wata leda na rataye a ƙusa, gizo-gizo ya yi saƙa a kanta. Takardar aike tana manne, da sunan Darcy da kwanan wata, shida ga Afrilu. Ba a ko yage bakin ledar ba. Ya sauko da ita ya fito fili ya ɗora a kan teburin baranda, kusa da burodin.

"Mene ne wannan?" in ji Tuihana.

Sufeton ya dubi Darcy.

"Ina igiyar?"

"Wace igiya, Yallaɓai?"

"Wadda ka kwanta a filin Noeline ka yanke ranar Laraba, surukarka na kwance a zaure ba a binne ba."

Darcy ya ajiye wuƙar burodin a hankali. Ya zauna a matakala, ya ba matarsa baya, sannan ya fara magana.

Ya ce ranar da ledar ta iso ya yi niyyar sawa, wallahi ya yi. Sai ruwa ya sauko. Asabar ta gaba kuma aka sanar a rediyo an ƙara wa'adi, ya ji kamar an sauke masa kaya. Ya ce in gwamnati da kanta ba ta ga gaggawa ba, shi wa? Da Tuihana ta tambaye shi abin da Len ya ce, ya ce mata lafiya lau, don kada ta riƙa tashinsa da mita. Kullum zai ɗauki zarto sai ya ga ledar, kullum sai ya ce ƙarshen mako. Da aka bugo masa waya ranar Talata, kafin a gaya masa wa ya mutu ya riga ya san abin da ya fashe.

"Wannan na ji," in ji Sufeton. "Wanda ban ji ba, me ya sa ka ce mata a gajiye take?"

Darcy ya amsa ba tare da ya juyo ba.

"Na ga ita za a iya yafe mata. Uwarta ce. Ni kuwa in ta sani, shi ke nan."

Sufeton ya karanta masa tuhuma da haƙƙinsa, kofur ya matso. Ba a sa masa ankwa ba, shi da kansa ya miƙe ya tsaya jikin motar, bai waiwayo ba.

Herewini ya durƙusa gaban keken, gwiwa na ƙara, ya ce wa Tuihana babu wata tuhuma a kanta. Ya ce ta taka birki, ƙafarta ba ta yi mata ƙarya ba, kuma yau zai je ya gaya wa 'yan'uwanta da bakinsa. Ya ɗauka zai ga wani sauƙi a fuskarta. Bai gani ba. Ledar take juyawa a cinyarta, tana lallatsa tiyon da ke ciki, abin da bai kai tsawon hannun yaro ba.

"Kawu, in za a sa wannan, kwana nawa ake yi?"

Ya so ya yi mata ƙarya. Ya ce minti arba'in.

Ta gyaɗa kai. Ta ce daga nan zuwa asibiti ma awa guda ce da kwata. Ta miƙa masa ledar, ta ce ya tura kekenta cikin gida kafin motarsu ta tashi, kuma ya ja ƙofar, don yanzu babu mai ja mata.

A kan hanyar caji ofis suka wuce garejin Len. Ƙofa a rufe, amma motoci sun fara layi a waje har bakin coci, don saura mako uku wa'adin Oktoba ya cika. Darcy ya bi su da kallo ta taga. Da suka zo gangaren Puketawa, kofur ya taka birki tun daga sama.