Yatsu Uku a Kafaɗata

"Ina mai yatsun nan?"

Da haka na faɗa shagon Mai Hoto, saurayin autata, ko sallama ban yi ba. Ya zabura har kujera ta kife.

"Mama, sannu da zu..."

"Riƙe sannunka! Ina mai yatsun nan, na ce?"

Hoto ɗaya tak nake da shi da marigayi mijina. Mutum ne da ba ya son hoto. Ranar ma janyo shi aka yi, ya raɓe can gefe, rabin fuskarsa kawai ya fito, ya ɗora min hannu a kafaɗa. Iya zamanmu bai taɓa yin haka a gaban mutane ba sai ranar. Auta ta ɗauki hoton a ɓoye ta kai wa yaron nan, wai a gyara a ba ni mamaki. Na sha mamaki kuwa! Aka dawo min da shi cikin gilashi, ni kaɗai tsuru, sai yatsu uku a kafaɗata.

Ya ɗauko wata leda mai zane kamar bayan dodon koɗi, ya shimfiɗa a kan hoton.

"Ma'aunin zinare ake ce masa, Mama. Inda zanen ya naɗe, nan idon mai kallo ke sauka. Kin ga ya faɗa daidai fuskarki. Na gefen na zaci wani ne ya shigo bisa kuskure..."

"Kuskuren nan shi ya haifi wadda kake so! Ba ni asalin."

Ashe asalin ya datse da wuƙar yanka takarda, guntun kuma an share an kai bola.

Auta da ta biyo ni ta durƙusa ta kama ƙafata. "Umma, laifina ne, ban gaya masa ba..."

"Bari in zana miki hannun a kwamfuta," in ji shi.

"Hannun wa? Da tsufana za ka ɗora min hannun ƙato a kafaɗa? Ko ka dawo min da mijina, ko ka manta hanyar gidana!"

Auta ta ɗago, ido jajir. "In kin ce in bar shi, Umma, na bar shi." Ta juya gare shi murya na karyewa. "Ka yafe ni, masoyina..."

Ya naɗe wando ya nufi bolar bayan layi, muka bi shi. Yana tono, rana na dukansa, masu shaguna na dariya. Kwalba ta tsarge masa tafin hannu, bai tsaya ba. Har aka zo kwashe shara, babu guntun, babu alamarsa.

Ina tsaye Auta ta yage gefen gyalenta tana ɗaure masa ciwon, tana kuka, ko kunyata ba ta ji. Na san in na raba su, sai na binne ta da rai.

"Tashi ka yi wanka, wari kake," na ce masa. "Ka turo manyanka."

"Kin yafe min, Mama?"

"A'a. 'Yata na ba ka. Wannan kuma sai mun haɗu gaban Allah, kai da dodon koɗinka."

Na rungume gilashina na yi gida, ina tafe ina share hawaye da haɓar zane.