Tsince-tsincen Illo

Ranar da Khalida mai sana'ar lalle ta fara shiga sibar, wato shagon intanet na unguwar Tahaggart a Tamanrasset, a shekarar 2007, zanen lalle ne ya kai ta. Wata amarya ce ta nace sai irin na Indiya, ita kuwa ba ta taɓa ganinsa ba. Ta zauna gaban ordinatar, wato kwamfuta, ta rasa inda za ta taɓa.

Illo, mai kula da wurin, ɗan Maraɗi ne da ya zo Tamanrasset aikin gini kafin ya koyi wannan sana'a. Ya matso yana murmushi.

"Malama, ba ta cizo. Me za a nemo miki?"

Ta rufe baki da mayafi tana dariya. Nan da nan ya buga mata zane shida a takarda, ya ɗora na bakwai: hoton wani gida da aka gina da kwalabe zalla.

"Wannan fa?"

"Gyara ce. Ya burge ni, na rasa wanda zan nuna wa."

Daga nan duk Alhamis akwai ambulan nata, da abin da ya tsinto a intanet ya buga mata. Wani makon mota mai tafiya da hasken rana, wani makon labarin tsohuwar da ta shiga makarantar lekkol tana da jikoki goma. Sauran ranakun kuwa saƙon waya ne.

"Tauraruwata, yau na tsinto wani kifi mai fitila a goshi. Ko shi bai kai ki haske ba."

"Illona, duk duniya da kifi za ka haɗa ni? Na gode, Allah ya shirye ka."

Sai dai akwai Muntari, mai shagon atamfa, wanda ya daɗe yana sonta tana kaucewa. Shi ya tsegunta wa mahaifinta, Alhaji Salifu, cewa yaron sibar hotunan mata yake rabawa. Alhaji ya buɗe ambulan, sai ga hoton wata mawaƙiya ta ɗaga hannuwa. Bai tsaya jin bayani ba.

"Mutumin da sana'arsa kallon akwati? Kada in ƙara jin kin taka can!"

Khalida ta rubuta wa Illo tana hawaye: "Ba zan saɓa wa Baba ba. Ka yi haƙuri."

Ya amsa: "Kada ki saɓa masa, Tauraruwata. Ina nan."

Wata biyu ba su ga juna ba. Ana haka aka aiko daga Damagaram cewa Inna Laure, mahaifiyar Alhaji, tana kwance tana kiran sunansa. Shekara takwas rabonsu, ga hanya ba lafiya a lokacin. A masallaci Illo ya ji. Ya rubuta wa wani abokinsa mai sibar a Damagaram, suka shirya yadda uwa da ɗa za su ga juna ta kyamarar ordinatar, sannan ya je shagon Alhaji ya durƙusa.

"Baba, ba zancen Khalida ya kawo ni ba. Gobe da hantsi, in ka yarda, za ka ga Inna."

Washegari Alhaji ya je sibar yana ɗaure fuska. Hoton ya yi ta rawa, can sai ga tsohuwa an jingina ta a kujera, tana leƙe.

"Salifu? Kai ne da furfura haka?"

Alhaji ya ɗora tafin hannu a kan gilashin. Ya ce, "Inna, ki yafe mini."

"Na yafe maka tuntuni. Wa ya kawo mini kai?"

Ya waiwaya ya jawo Illo kusa. Inna ta ɗaga hannu. "Ɗan nan, Allah ya faranta maka."

Da suka fito, Alhaji ya daɗe yana goge ido. "Matar can ta hoto fa?"

"Lallen hannunta ne, Baba. Saboda sana'ar Khalida."

Alhaji ya ce, "Na zalunce ka. Turo magabatanka."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure, aka yi walima a wani lambu a Outoul. Khalida ta raɗa wa angonta, "Na gode da ka jira ni."

"Ni ne da godiya."

Alhaji ya riƙe hannun Illo a gaban jama'a. "Ka nuna mini uwata, ga ƴata na ba ka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka."

Lambun ya ɗauka da amin.