Fasinjar Da Ba Ta Sauka Ba

Ranar da abin ya fara, Mariyamu tana tsakar gida tana tuƙa tuwon shinkafa, ana gab da kiran magariba. Rana ta riga ta faɗa bayan rufin maƙwabta, masu Keke Napep a bakin titin Barkin Sale sun rage hon. Mijinta, Baba Jiya, yana zaune a kujerar roba, hannunsa na hagu a ɗaure, ya zuba wa wani fili ido, filin da babu komai a cikinsa sai tabon baƙin mai. Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro, ya tsaya a gaban murhu. Mariyamu ta buɗe baki za ta zagi yaran unguwa, sai ta ga ba dutse ba ne. Noti ne mai tsatsa, da zafinsa, kamar yanzu aka kwance shi daga inji.

Kafin a idar da salla an jefo guda bakwai. Ta leƙa lungu, ba kowa.

Shekara talatin da biyar Jiya ya yi yana jan babbar mota. Daga Bida ya zo Minna yana saurayi, ya ɗauki doya da shinkafa da man kaɗe ya kai Kano, ya kai Ikko, ya dawo da gishiri da kwanon rufi. Motarsa Bilhodi ce mai bodin katako, koriya shar, har sunan ya bi ta, kowa Koriya yake ce mata. Da ƙarfinsa ya ƙare, nata ma ya ƙare, bai sayar ba. Katangar gidan ya fasa, aka turo ta ciki, ya sake gina katangar. Maƙwabta sun yi dariya har sun gaji. Mariyamu kuwa ta yi masifar da za ta yi, daga baya ta koma shanya kuɓewa a kan bodin.

Sannan ciwon mantuwa ya zo. Da hanyar masallaci ya fara, ya ci sunayen 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ya ci nata. Mutumin da ta haifa wa 'ya'ya shida sai ya riƙa rufe ƙirjinsa in ta shigo ɗaki, don kunyar baƙuwa. Wannan ne ya fi komai yi mata ciwo, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

Autarsu Aziza, wadda take koyarwa a wata firamare a Tunga, ita ta gano ƙofar da ta rage a buɗe. Wata rana tana duba wayarta ta ci karo da hotunan tsofaffin manyan motoci, ta nuna masa don wasa. Tsohon ya miƙe zaune. "Ostin ce wannan, dubi hancinta. Wannan Fiyat, ta 'yan Kano. Wannan Marsandi, nayin-ilabin, ba ta tsoron tudu." Ko fitila ɗaya aka nuna masa zai faɗi motar, ya faɗi wanda ya fara kawo irinta tashar Minna. Yarinyar da take riƙe masa wayar ce kawai bai sani ba. Kullum da yamma kuma sai ya hau Koriya, ya zauna a gaban sitiyari, yana magana ƙasa-ƙasa da kujerar da ke gefensa.

Ranar da matakalar motar ta karye da shi ya faɗo ya karya hannu, Mariyamu ta ce ya isa. Yana kwance a asibiti ta kira 'yan gwangwan. Kwana biyu suka yi da wuta da guduma, suka fitar da Koriya gunduwa-gunduwa ta ƙofar gida. Don kada ta kashe shi ta yi, Allah ya sani. Amma da ya dawo ya ga filin, bai tambaya ba, bai yi faɗa ba. Bakinsa ya rufe. Aziza ta kawo hotuna, ya kau da kai.

Kwana uku ana jifa da noti da kusoshi, a na huɗu ƙara ta fara. Lungun gidan ko Keke Napep da ƙyar yake shiga, amma da rana ta faɗi sai a ji babbar mota tana tahowa da kaya, tana nishi, tana sauya giya, har kofuna su yi rawa a kan tire. Ta wuce, wata ta biyo. Warin hayaƙi ya cika gidan. Jiya da ya yi sati biyu bai ce uffan ba ya ɗaga kai.

"Lelan," in ji shi. Can kuma, "Ostin." Ya saurara, ya girgiza kai. "Ba ita ba ce."

A daidai lokacin Aziza ta fito daga banɗaki da buta. Butar ta faɗi. Aziza ta tafi a hankali zuwa tabon man nan, ta zauna a ƙasa, ta haɗa gwiwoyi kamar mai zaman gaban mota. Daga maƙogwaronta wata ƙara ta fito wadda ba ta mutum ba ce, tari biyu, sannan gurnani mai nauyi da ɗan kaɗawa a ƙarshensa. Mariyamu ta san ƙarar nan. Shekaru ta yi tana jin ta tun daga kwanar titi tana ɗora ruwan wanka.

"Koriya," in ji Jiya, hawaye na bin gemunsa. "Ga ta nan."

Haka aka yi kwana tara. Daga magariba zuwa isha'i Aziza ba ta cikin hankalinta, in ta farfaɗo ba ta tuna komai. Ta daina zuwa makaranta, ta daina cin abinci, muryarta ta dushe, ta fara tofar da jini. Uban kuwa ya warware, yana cin tuwo da kansa, yana ba iska labarin gadar Jebba. Mariyamu tana kallon ɗaya yana tashi ɗaya yana zubewa, ta rasa wanda za ta yi wa kuka. A rana ta goma ta yafa mayafi ta tafi Tunga wurin Malam Ladan, dattijon da aka sani da ruƙiyya.

Malam ya zo bayan la'asar da carbi da gorar ruwa. Ba mai yawan magana ba ne. Ya yi sallar magariba a tsakar gidan, ya zauna nesa kaɗan da Aziza, ya fara karatu. Jifa ta sauko kamar ƙanƙara, bai ɗaga kai ba. Ƙarar injin ta hau, ta hau, ta shaƙe, ta mutu. Gidan ya yi tsit, har ana jin itacen murhu yana ƙonewa.

"Ya isa, Malam." Muryar tsohuwa ce ta fito daga bakin Aziza. "Kana ƙona ni, ban zo da faɗa ba."

"Wace ce ke?"

"Fasinja ce."

"Fasinjar wa?"

"Ta direban can. A gindin wata kuka ya ɗauke ni, kafin gadar Zungeru, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Motoci tara sun wuce ni, shi ya tsaya. Ya ce ina za ni, na ce gaba. Bai sake tambaya ba, ni ma ban sauka ba. Shekara arba'in da shida ke nan. Ku tambaye shi ko ya taɓa barin wani ya zauna a kujerar bakin ƙofa."

Mariyamu ta tuna. Ko ita, ranar da ya ɗauko ta daga Bida tana amarya, a tsakiya ya zaunar da ita.

"An yanka mini wurin zama," in ji muryar. "Ina zan zauna?"

"Ba a jikin 'yar mutane ba. Zalunci ne, kin sani. Ki fita."

"Zan fita. Amma bari uwar gida ta ji. Abin da ya rage a kan mutumin nan ni nake riƙe masa, tun da ciwon ya fara. In na tafi, da shi zan tafi, ba da mugunta ba, haka abin yake. Ku bar mini yarinyar daga magariba zuwa isha'i kawai. Ni kuma kullum zan ba ki mijinki."

"Kada ki saurare ta, Hajiya," in ji Malam. "Irinsu suna haɗa gaskiya da ƙarya."

"To ga ɗanɗano."

Kujerar roba ta motsa. Mariyamu ta juya, ta ga Jiya yana kallonta, kallon da ta yi shekara uku ba ta gani ba.

"Mariyamu," ya ce da Nufanci. "Yaushe kika yi furfura haka?"

Ta durƙusa a gefen kujerar, ta kama hannunsa mai lafiya.

"Ina Koriya?"

"Na sa an yanka ta, Baban Aziza. Ni na yi. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon filin. "Matakalar ta ruɓe tun tuni," ya ce. "Na so in gaya miki, na manta. Daina kuka, ƙarfe ne." Ya share mata fuska da babban yatsa. "Kin rame. Ba kya cin abinci ne?"

Wallahi a wannan lokacin Mariyamu ta so ta ce a bar fasinjar. Awa ɗaya ce fa a rana. Ta ji kalmar ta hau har kan harshenta, ba ta kuma ji kunyar son da ta yi mata ba. Sai Aziza ta yi tari, jini ya gangaro ta gefen bakinta ya ɗiga a kan hijabinta.

"Malam ba zai iya sauke ni ba," in ji muryar a hankali. "Zai ƙona ni, ni kuma in riƙe yarinyar, mu wahala duka. Direban da ya ɗauke ni shi zai sauke ni. Shi kuma sai abin da kika ce."

Malam Ladan ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

"Baban Aziza," in ji Mariyamu. "Dubi autarka. Fasinjarka ce a jikinta. Ka sauke ta."

Ya dubi yarinyar, fuskarsa ta canza. "In ta sauka fa?"

"Ba za ka san ni ba."

"Ke kin yarda?"

"Ban yarda ba. Ka sauke ta."

Ya riƙe hannunta da ƙarfi, ya daɗe bai saki ba. Sannan ya zare nasa, ya gyara zama, ya kama sitiyarin da babu shi. Ƙarar Koriya ta tashi daga ƙirjin Aziza, a hankali wannan karon. Ya rage giya, ya sake ragewa, ya taka birki da ƙafarsa mai silifa, ya ja na hannu.

"Hajiya, mun iso," ya ce wa fasinjar da Hausarsa ta tasha. "Mota ta mutu, ba gaba kuma. Sai haƙuri."

"Na gode, direba. Allah ya kai ka gida lafiya."

Malam ya karɓi alkawarinta cewa ba za ta dawo ba, ta yi sallama. Aziza ta yi atishawa uku, ta kife. Aka ji kamar an buɗe ƙofar ƙarfe an rufe, warin hayaƙin ya washe. Malam ya yayyafa mata ruwa, ta buɗe ido, ta dubi uwarta ta ce, "Nna, yunwa nake ji."

Mariyamu ta ce alhamdulillahi, amma ba ta tashi ba. Tana nan durƙushe a gefen kujerar, tana tsoron ɗaga kai. Da ta ɗaga, hannun Jiya yana kan sitiyarinsa har yanzu. Ya dube ta da ladabi, ya ɗan matsa don kada jikinsa ya taɓa nata.

"Ke fa, Hajiya?" ya ce. "Ina za ki sauka?"

Ta goge ido da bakin zane, ta jawo kujerar tsuguno ta zauna a gefensa.

"Ja mu je, direba," in ji ta. "Ni sai inda ka tsaya."