Ƙafa Sittin na Ƙarya

Ranar da Mardiyya ta fara ganin Abdulganiyyu, faɗa ta je yi masa.

Injiniya ce mai kula da na'urorin ƙaramin jirgin feshi da ake kawowa Haɗeja duk kaka, saboda tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafar fadama. Yayanta Inuwa ne matuƙin jirgin. Kwana uku ke nan na'urar da ke auna tazarar jirgi da ƙasa tana yi musu shirme. Ta kwance ta, ta ɗaura, ba ta ga ciwonta ba. Sai da ta lura da sabon ƙarfen sabis da wani kamfanin waya ya kafa a gefen filin saukarsu.

Ta tsaya a gindin ƙarfen ta ɗaga murya. "Malam! Kai na sama! Sauko mu yi magana."

Ya sauko a hankali, ya cire hular kwano, ya yi mata sallama yana murmushi. Murmushin ya ƙara ƙular da ita.

"Wannan 5G ɗin naku zai kashe mana mutum," ta ce. "Na'urarmu siginar rediyo take aikawa ƙasa ta saurari dawowarta, da ita take sanin tsayi. Zangonku ya matso kusa da namu, hayaniyarku ta toshe mata kunne. Yayana kuma dab da kan ciyawar kacala yake shawagi, can tsuntsayen ke kwana."

Ta yi zaton zai yi musu. Sai ya karɓi takardar awon da ke hannunta, ya duba ta har ƙarshe.

"Gaskiyarki ce, Injiniya. Daga la'asar zuwa magariba zan riƙa kashe eriyar da ke kallon filinku, har ku gama feshi. Amma fa sai kin ba ni lambarki, don in san lokacin da kuka sauka."

Ta ba shi, tana harararsa.

Saƙon farko na aiki ne. Na goma kuwa ya riga ya bar hanya.

"Na kashe eriya, Injiniyata. Amma akwai wata a ƙirjina da ta ƙi kasuwa, ke kaɗai take kamawa."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa: "Ka kai ta gyara, Ɗan Sama."

"Mai gyaran ce ke min rowa."

Kafin wata ya zagayo, Mardiyya ta san ƙarar babur ɗinsa tun daga bakin layi. Sai dai mahaifinta, Alhaji Yunusa, bai yi na'am ba.

"Yaron Birniwa ne, ban san gidansu ba," ya ce. "Kuma kullum yana rataye tsakanin sama da ƙasa. Ga Shu'ibu ɗan aminina, shekara biyu yana bin ki, shi ne ma shugabansa a wurin aiki. Me ya sa za ki saki reshe ki kama ganye?"

"Baba, ka ba shi lokaci," kawai ta iya cewa.

Wata Laraba da yamma, Inuwa ya tashi zuwa feshi. Mardiyya tana riƙe da rediyo ta ji muryarsa ta canza.

"Mardiyya, awon nan yana nuna min ƙafa sittin, amma ina ganin kan giginya a gabana..."

Daga nan sai ƙara.

A cikin gonar shinkafa aka zaro shi, da rai, amma ƙafarsa ta dama ta karye gida biyu. Mardiyya ba ta bi su asibiti nan take ba. Ta ɗauki na'urar gwajinta ta nufi gindin ƙarfen. Eriyar a kunne take, da cikakken ƙarfinta.

A asibiti ta ga mahaifinta, dattijon da ba ta taɓa ganin hawayensa ba, yana share ido da bakin rawani.

"Ga mutumin naki," ya ce. "Kada in ƙara jin sunansa a gidana."

"Ba sai ka hana ni ba, Baba. Wallahi sai ya ɗanɗana abin da Yaya ya ɗanɗana."

Abdulganiyyu ya kira, ta rufe layinsa. Ya zo asibiti, ta sa aka mayar da shi daga ƙofa. Ta zauna ta rubuta rahoto shafi goma sha huɗu ga kwamitin binciken da hukuma ta kafa, ta saka har hoton saƙonnin da ya yi mata alkawari a ciki. Kalaman da a da take karantawa tana murmushi, su ta mayar wuƙa. Cikin mako biyu kamfani ya dakatar da shi.

Shu'ibu ne ya kawo mata labarin, da ledar tuffa a hannu.

"Ni na sa hannu a takardar da kaina, ƙanwata. Yaron ba shi da amana."

Ta ji sanyi a ranta, amma sanyin bai kai ko'ina ba. Duk lokacin da ta ji Inuwa yana nishi ana juya shi a gado, sai wutar ta dawo sabuwa. Dakatarwa ba ta ishe ta ba, so take a kai shi kotu. Don haka ta roƙi kwamiti ya ciro rajistar kwamfutar kamfanin, wadda ke nuna wanda ya kunna eriya da mintin da ya kunna, don kada ya sami kafar tsira.

Kwana arba'in da ɗaya bayan haɗarin aka miƙa mata kwafi, a matsayinta na mai ƙorafi. Ta bi layukan da yatsa. Ƙarfe huɗu daidai, an kashe: Abdulganiyyu. Ƙarfe biyar da minti hamsin da biyu, an kunna daga ofis: Shu'ibu.

Ta zauna daɓas a kan tayar jirgi. Ta buɗe layin da ta rufe, saƙonnin da suka maƙale suka bayyana. Na farkon tun ranar Larabar ne.

"Na kashe da hannuna kafin in tafi Kafin Hausa. Ban san wanda ya kunna ba. Yaya jikin Yaya Inuwa?"

Na ƙarshe gajere ne: "Ko ɓarawo ana jin ta bakinsa, Mardiyya."

Ta yi kuka har ta gode wa Allah. Da ta share fuska, ba ta kira kowa ba, ba ta kuma nuna wa kowa takardar ba. Shu'ibu ta aika wa saƙo.

"Yaya Shu'ibu, jibi ne zaman kwamiti a Dutse. Ko za ka kai ni a motarka?"

Ya zo cikin farar shadda, yana ƙamshi. Tun daga Haɗeja yake tsara mata inda za su zauna bayan biki, ita kuwa tana cewa, "Allah ya nuna mana."

A zauren, Abdulganiyyu yana gefe guda, ya rame, bai ko kalle ta ba. Inuwa yana kan keken marasa lafiya, Alhaji Yunusa a bayansa. Da aka ba ta dama, Mardiyya ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni ga shugaban shiyya. Ban da injiniyan wuri, wa ke da ikon kunna eriya daga ofis?"

Shu'ibu ya gyara zama. "Ni kaɗai ne. Amma ranar ban ko shiga ofis ba."

"To wa ka ara wa yatsanka? Kwamfutar da zanen yatsa take buɗewa."

Ta ajiye takardar a gaban shugaban kwamiti, ta karanta layin da ƙarfi, da sunan, da mintin. Gumi ya karyo wa Shu'ibu.

"Manyan mutane ne suka dame ni da ƙorafin sabis," ya ce. "Kuma ni ban ga dalilin da mace za ta kafa wa kamfani doka ba, don kawai wani yana son burge ta..."

"Ka ji nishin yayana, ka kawo min tuffa," ta ce. "Ka sa na zalunci bawan Allah da hannuna. Na janye ƙorafina a kansa, ranka ya daɗe. Na mayar da shi kan wannan, shafi goma sha huɗun duka."

A motar haya ta koma gida. Kamfani ya kori Shu'ibu, maganarsa ta wuce kotu. Kwamiti ya sa aka sunkuyar da eriyar, aka rage ƙarfinta, aka kuma saka wa na'urar jirgin matatar da ke tace hayaniya.

Saura Abdulganiyyu. Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa.

"Ɗan Sama, na cuce ka. Ba ni da bakin kare kaina. Ka yafe min."

Amsar ta zo bayan awa shida. "Kwana arba'in da ɗaya kika rufe ni. Sai na rama, ɗaya bayan ɗaya."

Ya kuwa fara ramawa. Ta kira, shiru. Ta aika dambun nama, ya karɓa, bai ce uffan ba. Ranar kwana na tara Alhaji Yunusa ya aika aka kira shi, ya zaunar da shi kusa da shi a zaure.

"Yaro, ni na fara yi maka mummunan zato, ka gafarce ni. Ka turo magabatanka. 'Yata ta daina cin abinci, kai ma na ga wuyanka ya yi tsawo."

A soro ta same shi, idonta jawur.

"Saura kwana talatin da biyu," ya ce, yana ƙoƙarin ɗaure fuska.

"Na ji. Zan jira."

"Ni ne ba zan iya ba, Injiniyata."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Inuwa, yana dogara sanda, shi Alhaji ya wakilta ya ba da auren ƙanwarsa. Motoci suka zo daga Birniwa har layin ya cika, dattawa suka sa albarka, aka yi addu'ar zuriya ɗayyiba da zaman lafiya.

Sai da aka kai amarya ango ya ji wani labari daga bakin ƙawayenta: katin gayyata na farko da aka buga, Mardiyya da kanta ta rubuta sunan Shu'ibu a kai, ta aika masa har gida.

Abdulganiyyu ya dubi amaryarsa, ta sunkuyar da kai cikin mayafi kamar ba ta san komai ba. Ya ɗaga hannuwa sama.

"Ya Allah ka albarkaci aurenmu, ka kuma tsare ni daga ɓata wa baiwar nan taka rai."

"Amin," ta ce a hankali, tana dariya ƙasa-ƙasa. "Ka dai ga aikina."