A Dawo Mana da Yawunmu

"Ruwa za ka zuba, Tawfiq... ruwan famfo kawai! Wa zai gane?"

Muryar Hansatu ce. Tana tsaye a bayan rumbun doya, ta damƙe bakin mayafinta kamar za ta yaga shi. Ni kuwa kakanta, Ɗangoggo, ina kwance a kan tabarma ta ɗaya gefen rumbun, suna zaton barci nake. Ba su san kunnena ba. Ko yau da na tsufa, ina jin tafiyar tururuwa.

"Kin san abin da kike faɗa kuwa, Hansa?" in ji Tawfiq. "In tsaya gaban iyayenki in miƙa musu ruwa, in ce yawunsu ne? Sannan in ce aikina ƙarya ne?"

"To kawo na gaskiyar!"

"Babu shi. Na gaya miki, na'ura ta cinye shi tun wajen aunawa."

"Shi ke nan ka rasa ni..."

"Kada ki faɗi haka, hasken idona."

"Ba ni na faɗa ba, Baba ne. Kuma ka san Baba ba ya magana biyu."

Sai kuka ya ƙwace mata.

Ga yadda aka yi har aka zo nan. Ƙauyenmu Shabwi, mu Gbagyi, muna gefen Abuja. Lokacin farar hula sun dawo mulki, kuɗin mai na ta zuba, gari na kumbura yana cinye gonaki. Kana kwana da dawa a gabanka, ka tashi ka tarar da bene. A wannan zamanin Tawfiq ya shigo mana da farar mota. Dakta ake ce masa, amma ba na marasa lafiya ba. Hansatu ya ɗauka ta yi masa tafinta, don ita kaɗai ce ta yi karatu mai zurfi a cikinmu.

Ta bakinta ya yi mana bayani. Wai a cikin yawun kowane mutum akwai ƙwayoyin halitta masu ɗauke da tambari. Namiji yana gadon wani daga ubansa, uban daga nasa uban, haka har can baya. Akwai kuma wanda kowa ke gada daga uwa. In aka bi tambarin nan kamar sawun kafa, sai a gane hanyar da kakannin kakanni suka biyo a duniya. Abin da yake so kawai, kowa ya tofa a 'yar kwalba.

Kowa ya ja da baya.

A wurinmu yawu da gashi da farce ba a ba baƙo. Da su ake kama mutum daga nesa.

Hansatu ta dafa ƙirjinta ta ce, "Ku dube ni. A nan aka binne cibiyata. Na yi muku alkawari, babu abin da zai sami kowa."

Har da haka babu wanda ya motsa, sai ni. Ni da agana ta kwantar da sa'o'ina ta bar ni a tsaye, ni da na ɗauki bulon rabin benayen garin nan a kafaɗata, kwalba ce za ta ba ni tsoro? Na karɓa na tofa har da goro. Da suka ga ban faɗi ba, suka biyo layi. Ɗana Lukmanu, uban Hansatu, ya tofa. Uwarta Iya ma ta tofa.

Daga nan motar ta riƙa zuwa ko babu aiki.

"Kai yaro," na ce masa wata rana, "yawu ka zo karɓa, ko matata ka zo ƙwacewa?"

Hansatu ta rufe fuska. "Kai tsoho! Wa ya ce ina son ka? Ko haƙori ba ka da shi!"

Tawfiq ya durƙusa yana dariya. "Kaka, in ka sakar mini ita, goron shekara a kaina."

Na ga yadda yake kallonta, kamar mai ƙishi ya hango rijiya. Mutanensa a Maitama, unguwar masu kuɗi, sun ɗaga hanci da farko, wai 'yar ƙauye, amma ya tsaya kai da fata har suka sauko. Lukmanu ma ya amince. Mutum ɗaya ne bai ji daɗi ba, wato Nuraddeen, dillalin filaye, wanda ya daɗe yana neman Hansatu tana ce masa a'a.

Ranar da sakamako ya fito, Tawfiq ya tara mu a gindin mangwaro, fuskarsa cike da murna. Ya baza taswira. Ya ce tambarin mazan Shabwi ya nuna kakanninmu na can can baya sun taso ne daga arewa maso gabas, shekaru dubbai da suka wuce.

"Kuma wannan ba aibu ba ne," in ji shi. "Duk ɗan Adam daga wani wuri ya taso, har da ni. Ku kam kun riga kowa zama a nan."

Ashe Nuraddeen na ɗaukar maganar da wayarsa. Ya yanke ƙarshen, ya bar farkon, ya kai wa wani kamfanin gidaje da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan gonakinmu. Kafin mu ankara, magana ta cika gari: wai bincike ya nuna mutanen Shabwi baƙi ne. Ɗan ƙasa in za a tashe shi, sai an ba shi matsuguni da gona. Baƙo kuwa, katafila kawai ake turo masa.

Muka wayi gari da jan fenti a bangunanmu, alamar rusau.

A cikin kwanakin nan kuma tari ya kama Iya, ta rame har zobenta na zamewa. Mata suka fara ƙus-ƙus: yawun da aka kai birni ne ke cin ta.

Lukmanu ya kira Tawfiq ya yanke hukunci. "Ka dawo mana da yawunmu mu binne shi a ƙasarmu. Sannan ka tsaya gaban jama'a ka ce maganarka ƙarya ce. In ba haka ba, babu kai babu 'yata."

Abin da ya kai su bayan rumbu ke nan.

Hansatu na ta kuka. Sai shesshekarta nake ji.

"Daina kukan, zuciyata," Tawfiq ya ce a hankali. "Tunda nake ban taɓa yin ƙarya a kan aikina ba. Amma zan yi... saboda ke."

Ni dai na ci gaba da minshari. Ba a tambaye ni ba.

Da safiyar ranar da aka sa, duk Shabwi ta fito, Musulmi da Kirista da masu bin na gargajiya. An haƙa rami kusa da kaburburan kakanni. Tawfiq ya sauko da akwatin sanyi, idanunsa sun faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya buɗe. Ga 'yan kwalabe a jere, kowacce da sunan mai ita.

Hansatu ce ke kiran suna, ba ta iya kallon kowa a ido.

Kowa ya karɓi tasa, ya tafi bakin rami ya ajiye. Wata tsohuwa har rangaɗa guɗa ta yi. Nuraddeen na gefe ya haɗe rai, don bai yi zaton za a kawo ba.

Sai aka tallabo Iya.

Ta karɓi kwalbar da hannu biyu, ta manna ta a ƙirji, hawaye na zuba. Ta ɗago ta dubi Tawfiq.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka dawo mini da raina."

Tawfiq ya sunkuyar da kai.

Ta juya ga 'yarta tana murmushi, irin wanda muka daɗe ba mu gani ba. "Hansatu, asibitin da kike ta matsa mini in je gobe, a bar shi. Ga maganin ya zo har gida. Ba allura, ba ƙwaya..."

Tari ya sarƙe ta. Ta toshe baki da bakin zane. Da ta janye, duk muka ga jini.

Na dubi Hansatu. Idonta na kan jinin.

Lukmanu ya ɗaga murya. "Dakta, saura ɗaya. Faɗa wa jama'a."

Tawfiq ya buɗe baki. "Jama'a, maganar da na yi muku a gindin mangwaro..."

"Ruwa ne!"

Ihun Hansatu ya tsaga wurin.

"Iya, ruwa ne! Ruwan famfo ne, wallahi! Babu yawun kowa a ciki! Ni na sa shi, ni na roƙe shi... Iya, ciwonki na asibiti ne, in kika zauna mutuwa za ki yi!"

Kwalbar ta suɓuce daga hannun Iya.

Wuri ya yamutse. Nuraddeen ya fashe da dariya. "Kun gani? Oga dakta! Ya sayar da ƙasarku, ya dawo ya shayar da ku ruwa!"

Samari suka fara tsintar duwatsu. Na miƙe da sandata na tsaya gaban Tawfiq. "Wanda ya isa ya jefa! Na yi kokawa da kakanninku na kayar da su, ku ne za ku wuce ni?" Haka na raka shi har mota, babu wanda ya ɗaga hannu.

Hansatu ta biyo mu da gudu, mayafi a ƙasa. Tawfiq ya dube ta ta taga. Babu fushi a idonsa, sai wani abu da ya fi fushi ciwo.

"Ke kika ce in yi, Hansa..."

"Ni na ce. Ka yafe mini... uwata ce."

"Hansatu!" Muryar Lukmanu ta daki bayanta. "In kika ƙara taku ɗaya wajen motar nan, na rantse ba ni na haife ki ba!"

Ta tsaya cak.

Tawfiq ya yi ta yawo gidajen rediyo yana gyara maganarsa, yana cewa an yanke ta ne. Babu wanda ya saurara. Da damina ta ɗauke, katafila ta zo. Ta ture rumbuna, ta ture mangwaron, ta bi ta kan kaburbura. Shabwi ta watse, wasu Kuje, wasu Gwagwalada. Mu muka kama ɗakunan haya a Mararaba, bakin babban titi. Nuraddeen ya sake aiko da maganar aure. Lukmanu da ya riga ya gane wa ya kai muryar, da kansa ya kori 'yan aiken.

Amma rantsuwarsa a kan Tawfiq tana nan.

Iya kuwa Hansatu ta goya ta zuwa asibiti tana turjewa. Aka ce tarin fuka ne, aka ɗora ta a kan magani mai tsawo. Ta fara mayar da jiki. Sai dai ba ta cika yi wa 'yarta magana ba, in ban da "miƙo ruwa" da "rufe ƙofa".

Wata rana da yamma ina zaune a ƙofar gida, sai ga Tawfiq. Ya rame. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce an ba shi aiki a Turai, tafiya ta matso. Na aika aka kira Hansatu. Ta fito da kumfar wanki a hannu. Da ta gan shi sai ta jingina da bango.

"Ki zo mu tafi, Hansa," ya ce. "Ban riƙe ki da komai ba. Abin da kika yi ranar, ni ya kamata in yi."

"Baba ya rantse..."

"Ni na haifi Lukmanu!" na ce. "In na ce a ɗaura, wa ya isa ya ce a'a? Gobe ma sai in tara shaidu."

Ta girgiza kai, hawaye na sauka.

"Kaka, ba rantsuwar kaɗai ba ce. Ni na dafa ƙirji na ce musu babu abin da zai same su. Saboda ni suka tofa. Yau wasu a kango suke kwana. Iya in ban tsaya a kanta ba, ba ta shan magani. Sai in shiga jirgi in bar su a haka?"

"Zan jira ki, masoyiyata. Ko shekara nawa ne."

"Kar ka jira."

"Hansa..."

"Don Allah kar ka jira, Tawfiq. In na san kana jira, ba zan iya zama ba."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya share fuska da hularsa, ya yi mini sallama, ya shiga mota.

Yamma ce, titin Mararaba ya cushe kamar kullum. Motarsa ta shiga layi ta tsaya. Ta matsa kaɗan, ta sake tsayawa. Muna hango farin rufinta tsakanin bas-bas da masu tallar ruwa. Ko ni da sandata, da na tashi, da na cim mata.

Hansatu na tsaye, kumfa ta bushe a hannunta.

"Matata," na ce, "har yanzu ga shi can."

"Na gani, Kaka."

Daga ciki Iya ta yi tari, ta kira sunanta.

Hansatu ta juya wa titin baya, ta ɗaga labule ta shiga.