Baƙuwa a Tankin Pak Tunru

Ƙarfe tara na safe aka kira Sufeto Palallo wani gida a bayan kasuwar kifi ta Makassar. Maigidan, Pak Tunru, malamin makaranta mai ritaya, yana kwance matacce gaban tankinsa na gilashi na kiwon kifi, idanu a buɗe. Ba jini, ba alamar kokawa. Kofin kofi biyu ne a kan tebur, ɗaya an shanye, ɗaya ko taɓa shi ba a yi ba.

Matarsa, Ibu Rosmini, ita ta tarar da shi da ta dawo cefane.

"Wata uku ke nan da ya fara kiwon nan," ta ce. "Na ce masa, tsofai-tsofai da kai, ka rasa abin kiwo sai gurita, dorinar ruwan nan mai hannu takwas?"

Sufeto ya leƙa tankin. Ga ta nan, 'yar mitsitsiya, ruwan ƙasa, ta lafe jikin dutse. A gefe akwai ɓawon kwakwa, wayam.

Likita ya nuna masa ɗan ɗigo a yatsan gawar. "Cizon gurita mai zoben shuɗi ne, Yallaɓai. Ba ya zafi. Jiki ya mutu, numfashi ya tsaya, amma mutum yana ji yana gani. Da an sami mai hura masa iska a baki har asibiti, da ya rayu."

Kafin azahar an kamo Daeng Sikki, tsohon da ya sayar masa da gurita. Shugaban ofis ya ce ganganci ne, a rubuta caji kafin la'asar, a wuce wurin. Sufeto kuwa zuciyarsa ba ta kwanta ba.

"Yallaɓai, shekara arba'in ina nutso a teku," in ji tsohon, hawaye na bin gemunsa. "Ni zan ƙulla wa malamin 'ya'yana mutuwa a leda? Ta kwakwa na ba shi, mai shiga ɓawo, marar dafi, ta kai tafin hannu, har ɓawonta na haɗa masa kyauta."

"Wadda ke tankin ba ta fi babban yatsa ba."

"To wallahi ba tawa ba ce."

Sufeto ya koma gidan. Malami dai malami ne, ko kifi ya yi hamma sai ya rubuta. A littafinsa ga zanen gurita zaune cikin ɓawo. A gaba ya rubuta: "Kifayen da nake saye wurin Haerul ba sa yin sati. Da guba masunta ke kama su. Na gaya masa zan kai rahoto ranar Litinin, ya yi mini godiya."

Shafin ƙarshe ya ce: "Ta ƙanƙance, ta daina shiga ɓawo. Haerul ya ce haka suke yi, in riƙa ba ta jatan lande da hannu don ta saba da ni."

Kaico! Sabon shiga da launi yake gane gurita, ita kuwa mai zobe ba ta nuna zobenta sai an tsokane ta.

Haerul shi ne shugaban ƙungiyar masu kiwon kifin ado, kuma shi ya koya wa mamacin komai. Sufeto ya aika masa cewa zuciyar Pak Tunru ce ta buga. Haerul ya zo yana salati yana share ido.

"Yaushe rabonka da gidan nan?"

"Sati biyu, Yallaɓai."

"Kai masani ne. Wace iri ce wannan?"

Haerul ya leƙa. "Ta kwakwa ce. Ba ta komai, yara ma wasa suke da ita."

"Madalla. Ibu ba ta son ganinta. Ciro mana ita."

Haerul ya kai hannu zai ɗauki 'yar koma. Sufeto ya riga shi. "Da hannu mana. Ai ba ta komai."

Ya kama wuyan hannun Haerul ya nufi ruwan da shi. Mutumin ya kurma ihu, ya fizge har ya bangaji tankin. Ruwa ya girgiza. Nan take 'yar halittar ta rikiɗe, zobba shuɗaye suka fito mata tun daga kai har hannuwa.

Haerul ya zube a kujera.

"Jiragen da ke zuba gubar nawa ne," ya ce. "Ranar Juma'a na ce zan gyara masa famfon tanki, da ya tafi masallaci na musanya guritarsa da mai zoben. Yau na zo na ce ya ba ta abinci in gani."

"Da ya faɗi fa?"

"Zama na yi. Ai ya riga ya suma, bai san abin da ake ciki ba. Ko wahala bai sha ba, Yallaɓai, na rantse."

Sufeto ya sa a buga ofis a saki Daeng Sikki. Ibu Rosmini tana bakin ƙofa, ta toshe baki da gyalenta. Sufeto ya so ta fita kafin ya yi magana, amma ta ƙi motsawa. Ya ɗaura wa Haerul ankwa da kansa.

"Bai suma ba," ya ce. "Yana kallonka har ka shanye kofinka."