Toka a Jikin Mota

Lokacin da mota ta fara shiga Gusau, motocin garin ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ɗaya ta wani attajirin auduga ce, Alhaji Attahiru. Baƙa ce wuluk, sai ƙyalli take yi. Alhaji ya sha faɗa wa direbansa, Malam Manu, "Ranar da fentin nan ya ɓaci, ka bar aiki."

Malam Manu yana da 'ya guda. Kai, yarinyar nan akwai rawar kai!

Ran nan Malam Manu ya dawo daga Tsafe, mota dumu-dumu da laka. Ya ajiye ta a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, ya wuce masallaci. Da la'asar zai kai Alhaji Bungudu.

Yarinya ta ce a ranta, "Bari in ba Baba mamaki."

Ita ce gwanar wanke tukunya a gidansu. Sai ta ɗebo toka da yashi, ta hau dirzar ƙofar mota, har da 'yar waƙarta. Ta watsa ruwa. Da ruwan ya bushe, wayyo Allah! Ƙyalli ya tafi, sai zane-zane kamar kaza ta yi tono.

Aikin Baba fa! Da gudu ta lakato baƙin tukunya ta shafe wurin.

Malam Manu ya dawo, ya dafa ƙofa, hannunsa ya yi baƙi ƙirin. Ya goge wurin, ya yi salati.

"Wa ya taɓa motar nan?"

Ta fashe da kuka. "Ni ce, Baba. Wanke maka na yi."

"Da toka? Haba ɗiyata! Fentin mota ai ba gindin tukunya ba ne. Share hawaye, kawo ruwa."

Suka wanke mota da sabulu da tsumma mai laushi. Da ta bushe, ya ɗauko kakin zuma.

"Shafa kaɗan-kaɗan, ki murza a hankali. Shi ke kare fenti daga rana da ruwa."

Ta yi ta murzawa har hannunta ya sage. Ƙananan zanen suka ɓace. Amma ɗaya, dogo mai zurfi, ya ƙi.

Sai ga Alhaji. Ya zagaya mota, ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ya sa yatsa a kan zanen.

"Manu, mene ne wannan?"

"Alhaji, sakacina ne..."

"A'a!" in ji yarinya. "Ni na dirza da toka, har na rufe da baƙin tukunya. Baba bai sani ba. Don Allah kada ka kore shi."

Alhaji ya juyo ya dube ta. Tsoro ya cika ta.

Can ya ce, "Zanen nan ya ɓata mini rai ƙwarai. Amma mutumin da ya koya wa ɗiyarsa gaskiya, ba ni rabuwa da shi. Manu, tayar da mota."

Malam Manu ya yi ajiyar zuciya. Yarinya ta yi dariya, ga hawaye a fuska.

Daga ranar ta gane abu biyu. In ba ka san aiki ba, ka tambaya kafin ka sa hannu, don matambayi ba ya ɓata. In kuma ka yi kuskure, kada ka rufe shi, ka faɗi gaskiya.